Kalmar "That" da Wahalar da Take Ba Sinawa Masu Koyon Turanci

Duk ƙamus na Turanci zuwa Sinanci da ɗalibi zai buɗe, ma'anar farko da zai tarar a gaban "that" ita ce "nà", kalmar da Basine yake nuna abin da ke nesa da shi, kamar yadda mu muke cewa wancan ko waccan. Da wannan ma'ana ake fara karantar da yara, musamman tun daga 2001 da ma'aikatar ilimi ta ƙasar Sin ta ba da umarnin a riƙa koyar da Turanci daga aji 3 na firamare. Yaro ya ɗaga littafin da ke hannunsa ya ce "this is a book", ya nuna ƙofa ya ce "that is a door", malami ya ce madalla, shi ke nan ya zauna a zuciyar yaron cewa "this" ita ce "zhè", "that" kuma ita ce "nà". Fassarar daidai ce a wurin da aka yi ta, amma nuni da yatsa ƙaramin kaso ne na aikin wannan kalma. Wanda ya ɗauki shafin jaridar Turanci ya bi shi layi-layi zai ga cewa mafi yawan "that" ɗin da ke ciki ba sa nuna komai, ɗinke sassan jimla kawai suke yi, kuma wannan aiki ne da "nà" ba ta taɓa yi ba. Ko a wurin nunin ma, iyakar da ke tsakanin kusa da nesa ba a wuri ɗaya harsunan biyu suka shata ta ba.

A matakin farko sauƙi ne ma ɗalibin yake samu. A Sinanci ba kasafai nunau, wato kalmar nuni irin wannan ko wancan, yake manne wa suna kai tsaye ba, sai an sa wata ƙaramar kalma ta awo a tsakaninsu, wadda take sauyawa gwargwadon irin abin da ake magana a kai: "nà běn shū" wancan littafi, "nà ge rén" wancan mutum, "nà zhī māo" waccan kyanwa. Turanci ya ɗauke masa wannan nauyi gaba ɗaya. Sai dai ya ɗora masa wani, wato daidaita nunau da suna wajen tilo da jam'i. Suna a Sinanci ba ya sauya siffa don yawa, nunau ne kaɗai ke komawa "nàxiē", kuma "nàxiē" ba jam'i kawai take nunawa ba, tana nuna wani gwargwado na abu ko da ba a ƙirga shi, kamar ruwa ko kuɗi. Shi ya sa ɗalibin da aka koya wa cewa "nàxiē" ita ce "those" yakan rubuta "those money" da "those information", alhali Bature "that money" da "that information" yake cewa, domin a nahawunsa waɗannan abubuwa ba su da jam'i.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne nuni zuwa ga magana. Idan mutum ya gama bayyana wani abu, sannan yana son ya koma kansa da kalma ɗaya, dole harshensa ya zaɓa masa: maganar da ta fita daga baki yanzun nan, kusa take ko nesa? Basine yakan ɗauke ta a matsayin abin da har yanzu yake gaban masu hira, don haka "zhè" yake amfani da ita. Bature kuwa yakan ɗauki maganar da aka riga aka furta a matsayin abin da ya wuce, musamman idan daga bakin wani ta fito, don haka sai ya ce "that". Wanda aka zarga da laifi a Sin zai ce "zhè bú shì wǒ de cuò", wanda kalma bayan kalma yake nufin wannan ba laifina ba ne, amma takwaransa na Landan "that's not my fault" zai ce. Haka "that's why", da "that's true", da "that's a good idea", da "who told you that?", mafi yawansu idan aka mai da su Sinanci, ko dai "zhè" ta fito, ko kuma nunau ya ɓace baki ɗaya a ce "duì" ko "hǎo zhǔyi". Masana harshen Sinanci sun daɗe da lura cewa "zhè" ta fi "nà" yawan fitowa nesa ba kusa ba, yayin da a Turanci "that" ce ta rinjayi "this". Mai karatu Bahaushe zai gane wannan da sauri, domin mu ma a irin wannan wuri "wannan gaskiya ne" muke cewa, da wuya ka ji an ce "wancan gaskiya ne" ga maganar da aka yi yanzu.

Sakamakon haka, Turancin Basine yakan cika da "this" a wuraren da kunnen Bature yake jiran "that". Kuskure ne da ba ya karya nahawu, saboda haka alƙalamin mai gyaran jarrabawa ba ya kama shi, kuma shi ya sa yake daɗewa tare da mutum har bayan ya ƙware. Amma yana sauya yanayin magana. Idan abokin hira ya kawo shawara aka amsa masa da "this is a good idea", sai ya ji kamar an karɓe shawarar daga hannunsa ana nazarinta, alhali "that's a good idea" tana bar masa abinsa tana yaba masa. Akwai kuma wata ƙa'ida mai tsauri da ya kamata a koyar tun da wuri: "this" tana iya duban gaba ko baya, amma "that" baya kawai take duba. Ana cewa "listen to this" kafin a faɗi abu, ana cewa "did you hear that?" bayan an faɗe shi, kuma ba a musanya su.

Ita kanta "nà" tana da nata ayyukan da "that" ba ta yi. A farkon jimla takan zama kamar "to" ta Hausa, mai nufin idan haka ne: "nà wǒmen zǒu ba", to mu tafi. Ɗalibi ba zai iya sa "that" ita kaɗai a wannan gurbi ba, sai ya nemi "then" ko "in that case". A wayar tarho kuma abin ya juya. Basine yana gabatar da kansa da "wǒ shì", ni ne wane, yana tambayar ɗaya ɓangaren da "nǐ shì", kai ne wane, ba tare da nunau ba sam. Mutumin Ingila kuwa "this is" yake cewa game da kansa, "is that" game da wanda ke can ƙarshen layi, ko da yake a Amurka an fi jin "is this" a wurin tambayar. Hatta wajen nuna ɓacin rai hanyoyin sun rabu. Bature idan ya gaji da abu yakan ture shi nesa da harshe, ya ce "that dog of yours", shi kuwa Basine yakan jawo wanda ya ɓata masa rai kusa, ya ce "nǐ zhè ge rén", kai wannan mutum.

Akwai wuri ɗaya da harsunan suka yi kunnen doki, kuma yana da kyau malami ya yi amfani da shi don ƙarfafa gwiwar ɗalibi. Idan "that" ta zama ma'aunin sifa, kamar a "it's not that expensive", Sinanci yana da "nàme" mai yin wannan aiki sak: "méi nàme guì", bai kai haka tsada ba. A kwatance kuwa an sake rabuwa. Basine yana cewa "Běijīng de tiānqì bǐ Shànghǎi lěng", wato ya gwama yanayin Beijing da birnin Shanghai kansa, kuma babu mai jin wani aibu, domin hankali yana cike gurbin. Rubutaccen Turanci ba ya yarda da haka, sai an ce "colder than that of Shanghai" ko "than that in Shanghai", inda "that" take tsayawa a madadin sunan da ba a so a maimaita. A nan Bahaushe ya fi Basine sa'a, tun da shi ma "ya fi na Shanghai sanyi" yake cewa, kuma wannan "na" ɗin ita ce ainihin "that of".

Duk wannan rabin labarin ne. Ɗaya rabin yana farawa daga tarihin kalmar. A tsohon Turanci, sama da shekara 1000 da suka wuce, akwai nunau mai siffa uku gwargwadon jinsi, kuma siffar da ba ta namiji ba ba ta mace ba ita ce kakar "that" ta yau, daga wannan gida kuma "the" ta fito. Tun a wancan zamani kalmar ta riga ta fara aikin haɗa jimla, kuma bayanin da aka saba bayarwa shi ne jimloli biyu ne suka narke suka zama ɗaya: na faɗi wancan, ya zo, ta koma na faɗi cewa ya zo. Jamusanci ya bi hanya iri ɗaya, amma ya raba kalmomin biyu a rubutu, "das" da "dass". Turanci bai raba ba, ya bar wa mai koyo kalmomi biyu a riga ɗaya. Sinanci ma ba baƙo ba ne ga irin wannan sauyi: "shì", wadda a yau take daidai da "ne" ko "ce", a tsohon Sinanci nunau ce mai nufin wannan. Bambancin shi ne nunau ɗin Sinanci ya bi wata hanya dabam, bai zama mahaɗi ba.

Mahaɗin da ke gabatar da abin da aka faɗa ko aka sani, irin na "he said that he was busy", babu shi a daidaitaccen Sinanci. Ana jera jimlolin ne kawai: "tā shuō tā hěn máng", ya ce yana da aiki da yawa. A Sinancin Taiwan akan ji aikatau "shuō", mai nufin faɗa, yana zamewa ya koma mahaɗi bayan aikatau irin su ji da tunani, kamar dai yadda "cewa" ta fito daga "ce" a Hausa, amma wannan salon baka ne, ba shi littattafan makaranta suke koyarwa ba. Tun da Turanci yana yarda a jefar da wannan "that" bayan aikatau na yau da kullum kamar "say", "think" da "know", ɗalibi yakan ɗauka ado ce kawai. Sai ya jefar da ita a inda ba ta jefuwa. Idan gangar da take jagoranta, wato sashen jimlar da ke biye da ita, ita ce aikau, wato mai yin aikin, a farkon jimla, kamar "that he came at all surprised us", cire ta yana rushe ginin duka, domin ita ce take gargaɗin mai sauraro cewa abin da ke tafe ba cikakkiyar jimla ba ce tukuna. Haka kuma a rubutu mai nauyi, inda aka sa kalmomi da yawa tsakanin aikatau da gangar, "that" ita ce alamar da ke hana mai karatu ɓata hanya.

Babban dutsen da ke gaban ɗalibi shi ne "that" ta dogarau, wadda take daidai da "da" a cikin "littafin da na saya jiya". Hausa da Turanci sun yi tarayya a nan: suna ya fara zuwa, bayaninsa ya biyo baya, kuma bayanin yana iya tsawaita yadda mai magana ya ga dama. Sinanci ya juya tsarin gaba ɗaya. Bayani ne yake fara zuwa, sai ƙaramar kalma "de", sannan sunan a ƙarshe: "wǒ zuótiān mǎi de nà běn shū", wanda idan aka bi shi a jere zai ba da ni, jiya, saya, "de", wancan littafi. Saboda haka abin da ake nema daga ɗalibi ya wuce musanya "de" da "that". Ana neman ya sauya lokacin da yake yanke shawara a cikin kansa, ya ambaci abu tukuna kafin ya siffanta shi, bayan ya shafe rayuwarsa yana siffantawa kafin ya ambata. Kuma tun da bayanin da ke gaban suna ba ya jure tsawo sosai, marubucin Sinanci ya saba yanka tunaninsa gajeru-gajeru, ya jera su da waƙafi.

Wani bincike da masaniyar harshe Jacquelyn Schachter ta wallafa a 1974 ya nuna yadda wannan ke bayyana a aikace. Ta duba rubuce-rubucen Turanci na ɗalibai masu jin Farisanci, Larabci, Sinanci da Japananci, guda 50 daga kowane rukuni. Da aka ƙirga kurakurai a gangar dogarau, sai Sinawa da Japanawa suka fito kamar su ne gwanaye, domin nasu kurakuran sun fi kaɗan. Amma da aka ƙirga yawan gangar da kowa ya rubuta, sai ta bayyana cewa Sinawa 76 kawai suka yi, Japanawa 63, yayin da masu Farisanci suka yi 174, Larabawa 154. Farisanci da Larabci suna sa bayani bayan suna kamar Turanci, don haka masu su suka shiga da gaba gaɗi suna kuskure, su kuwa Sinawa da Japanawa suka kauce wa wurin, ba sa taɓa shi sai sun tabbata. Darasin yana da nauyi ga duk mai koyarwa: takardar da babu jan biro a kanta ba lalle ta nuna ƙwarewa ba, tana iya nuna tsoro. Idan kuma ɗalibin ya yi ƙarfin hali, wani kuskure da yakan yi shi ne barin wakilin suna a gurbin da ya kamata ya zama fanko, kamar "the man that I gave him money". Sinanci yana barin wakilin suna a irin wannan gurbi, Hausa ma haka, "mutumin da na ba shi kuɗi", shi ya sa kuskuren ba baƙo ba ne a ajujuwanmu.

Makarantun Sin sun tunkari wannan dutse da hanyar da suka fi sabawa da ita, wato jerin ƙa'idoji na hadda. Dalilin a bayyane yake. Jarrabawar shiga jami'a, Gaokao, wadda aka dawo da ita a 1977, ta sa harshen waje cikin darussa uku na dole, mafi yawan ɗalibai Turanci suke zaɓa, kuma a yawancin larduna yana ɗauke da maki 150 cikin 750. A 2024 sama da mutum miliyan 13 ne suka yi rajistar zama jarrabawar. A irin wannan gasa, tambayar cike gurbi da "that" ko "which" tana da daraja, sai malamai suka tsara jeri: a sa "that" bayan "all" da "everything" da "nothing", bayan sifar fifiko irin "best", bayan "the only" da "the first", da kuma inda aka haɗa mutum da abu, a sa "which" bayan waƙafi da bayan kalmomi irin su "in" da "of". Kashi na biyu doka ce ta gaske a Turancin yau. Kashi na farko kuwa yawancinsa ɗabi'a ce da ta rinjaya, an mai da ita farilla. Ko tsakanin Turawa ma ba a gama shawo kan batun ba: masanin Turanci ɗan Ingila H. W. Fowler ya ba da shawara a 1926 cewa a keɓe "that" ga bayanin da ke tantance suna, "which" ga bayanin ƙari, editocin Amurka suka riƙe shawarar da ƙarfi, na Ingila suka yi mata riƙon sakainar kashi. A ganina jerin ba shi da laifi a matsayin abin tunatarwa, amma yana da illa idan ya zama shi ne karatun, domin yana fitar da ɗalibin da zai iya zaɓar kalmar daidai a jimlar wani, ya kasa gina tasa.

Tambaya ɗaya ta fi jerin duka amfani: shin akwai gurbi fanko a cikin gangar da ke bin "that"? A "the news that he told me" akwai gurbi, domin ba a faɗi abin da ya gaya mini ba, "that" ce take riƙe da wurin, don haka ana iya musanya ta da "which", ana ma iya cire ta. A "the news that he had won" babu gurbi, gangar cikakkiya ce, tana bayyana abin da labarin ya ƙunsa, kuma "which" ba ta shiga nan. Hausa ta raba su sarai, "labarin da ya faɗa mini" da "labarin cewa ya yi nasara", amma Sinanci "de" yake sa wa duka biyun, saboda haka ɗalibin bai taɓa buƙatar lura da bambancin ba sai da Turanci ya tilasta masa. Tambayar gurbin ita ce kuma take warware rikicin "that" da "what". Basine yana cewa "tā shuō de", ba tare da suna a ƙarshe ba, yana nufin abin da ya faɗa, kuma da yake ya haddace cewa "de" ita ce "that", sai ya rubuta "that he said is true" a maimakon "what he said is true". Idan babu sunan da gangar za ta jingina da shi, "what" ake nema, domin ita ta haɗiye sunan a cikinta.

Abin da aka fi sakaci da shi, kuma wanda nake ganin ya cancanci a fara da shi, shi ne kunne. Rubutu ya haɗe kalmomin biyu, amma baki bai haɗe su ba. "That" ta nuni ana furta ta da cikakken wasali da ƙarfi, ita kuwa ta haɗi ana tauye ta, wasalinta ya raunana har ya kusa ɓacewa. A jimla irin "he said that that was wrong", inda kalmar ta zo sau biyu a jere, ta farkon gajeruwa ce mara nauyi, ta biyun ce take ɗauke da ƙarfin murya, kuma duk Baturen da ya furta ta haka zai yi ko bai taɓa karanta nahawu ba. Ɗalibin Sin da ya koyi kalmar daga allo yakan ba kowace "that" cikakken nauyi, kamar yadda yawancin gaɓoɓin harshensa suke da cikakken karin sauti, sai mai sauraro ya yi ta neman abin da ake nunawa bai gani ba. Alhali misalin da yake buƙata yana cikin bakinsa, domin "de" ɗin da yake furtawa dare da rana ita ma ba ta da karin sauti nata, a raunane take fita, a jingine da kalmar da ta gabace ta. Malamin da ya ce wa ɗalibi ya furta "that" ta haɗi da sauƙin da yake furta "de" ya ba shi abin da zai yi aiki da shi nan take.

Baƙaƙen kalmar su ma suna da tasu wahala, ko da yake ita aka fi surutu a kanta fiye da yadda ta cancanta. Sautin farko, wanda ake yi da harshe a bakin haƙora, babu shi a Sinanci, don haka masu Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, sukan mai da shi "z" ko "d", masu Kantonanci na Guangzhou da Hong Kong kuma sun fi karkata ga "d", kamar yadda a Nijeriya ake jin "zat" a arewa, "dat" a kudu. Sautin ƙarshe ma matsala ne ga mai Mandarin, tun da gaɓarsa ba ta ƙarewa da "t", sai ya ƙara wasali a bayanta ko ya haɗiye ta, yayin da mai Kantonanci yake da gaɓoɓi masu ƙarewa da "p", "t" da "k" a harshensa, don haka bai cika tuntuɓe a nan ba. Mai sauraro yakan saba da "zat" ko "dat" cikin 'yan mintoci ya daina lura, amma idan aka ɗora ƙarfin murya a kan "that" ta haɗi a "I think that we should go", zai ci gaba da jin kamar jimlar ta tsaya a tsakiya, ko da an furta kowane baƙi daidai.